Godiya ga duk wanda ya tsaya mana bayan gobarar shago

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Tun ranar da muka sake buɗe shago nake cewa zan zauna in rubuta wannan godiyar, aiki ya hana, yau dai nace ko me za a yi sai na rubuta, don waɗanda suka taimaka mana sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya a waya, wasu banida lambarsu, wasu ko fuskarsu ban taɓa gani ba sai dai saƙo. Hadisi ne sananne cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. To Alhamdulillah da farko, sannan ku.

Ga wanda bai ji ba, gobara ce ta tashi a shagon ɗinkinmu cikin dare bayan mun tashi. Masu aikin lantarki da suka duba sunce daga wayar cikin silin ne, kuma kun san shagon tela, ko'ina yadi ne da zare da leda, ƙiris wuta take jira. Babu wanda ya ƙone, babu wanda ya rasa rai, wannan kaɗai in na tsaya a kansa ya ishe ni godiya har in koma ga Allah.

Maƙwabcina mai walda, Allah ya saka maka da alheri. Kai ka fara isowa, kuma kafin kowa ya watsa ruwa kai ka daka tsawa kace a tsaya sai an cire wuta daga mita, a lokacin wasu har haushinka suka ji suna ganin kana ɓata lokaci, alhali ruwa yana ɗaukar lantarki, da an watsa a kan wayar da ke da wuta da yanzu wani labarin ake ba wannan ba. Kai ka yanke kwaɗon, kai da matasan layi kuka ja abin da ya jawu. Ma'aikatan kwana-kwana ma na gode, ku kuka tare ta bata tsallaka shagunan gefe ba, wanda wallahi shine abin da nafi tsoro, ace ta dalilina wani ya rasa hanyar abincinsa.

Da gari ya waye na shiga na ga abin da ya rage. Kekunan zamani masu jikin roba duk sun narke sun lanƙwashe, yadin roba ya dunƙule ya manne a ƙasa yayi tauri, na auduga kuma ya zama toka kana taɓawa yana tashi. Amma kawunan tsofaffin kekunan nan baƙaƙe na ƙarfe suna nan zaune, fentin ne kawai ya tashi, teburinsu na katako ya cinye. Mai gyaran kekenmu ya kwashe su ya tafi dasu, ya kwance su kaf, ya jiƙa a kananzir, ya canza bel da sifirin da duk abin da zafi ya kashe, biyu daga ciki yanzu haka ɗinki ake dasu. Yana aiki yana min lacca wai irin wannan ƙirar tun zamanin Singer take, mutumin da ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, wai an yi su ne don jika ya gada. Da na tambaye shi kuɗin aiki cewa yayi in bari sai na miƙe. Malam na miƙe fa, kuma ina nan zuwa, kar ka ɓuya.

Abin da ya hana ni barci kam ba kekuna bane, kayan mutane ne. Keke nawa ne, in ya ƙone asarata ce ni da Ubangijina. Amma yadin da ke kan kanta na mutane ne, kowane ƙulli akwai mai shi, wani ya daɗe yana tara kuɗin, wata kyauta aka bata, wani na 'ya'yansa ne ya kawo gaba ɗaya. Mutane da yawa, kuma masu ƙaunata ne ba maƙiya ba, sun ce min ai gobara ƙaddara ce, ba sakacinka bane, babu wanda zai kama ka, ka fara sayen keke ka tashi tukuna. Na san maganarsu akwai gaskiya a ciki, kuma nasan akwai malaman da za su ce amanar da ta salwanta ba da sakaci ba babu ramuwa. Ni dai zuciyata ce ta ƙi. Shekara da shekaru abin da nake sayarwa a shagon nan shine mutum ya ajiye kayansa ya tafi hankali kwance, ɗinkin ai kowa na yi, akwai waɗanda suka fi ni hannu nesa ba kusa ba. Sai nace ɗan abin da ke ajiye a fara biyan masu kaya dashi, keke ya jira.

Anan ne na ga abin da har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Na fara kiran kwastomomi ina basu haƙuri ina tambayar nawa suka sayi yadinsu, sai ga mutane suna min faɗa. Wata Hajiya da ta daɗe tana kawo ɗinki cewa tayi in na sake mata maganar kuɗi ta daina zuwa shagona. Wani bawan Allah ya karɓa, bayan kwana kaɗan ya dawo da sabon yadi ya biya kuɗin ɗinki gaba ɗaya tun kafin a yanka, ya kuma ƙara da cewa ba sauri yake ba. Waɗanda suka karɓi haƙƙinsu kuma don Allah kar ku ji komai, naku ne, ni na nace, kuma da kun ƙi karɓa dukanku da nauyin ya fi haka yawa a kaina. Akwai mutum ɗaya ko biyu da suka faɗi kuɗin da ya fi na kayansu, na sani sun san na sani, na biya, Allah ya yafe mana baki ɗaya, wannan ba wajen maganarsu bane.

Yadda ma akayi na san kayan waye da waye a ciki, wannan aikin ƙaramar yarinyar shagonmu ne. Littafin awo ya ƙone ƙurmus, wanda a ciki muke rubuta suna da awo da kalar yadi da abin da aka bayar da abin da ya rage. Ashe ita duk yamma kafin a rufe sai ta ɗauki hoton shafin ranar ta tura a gurup ɗinmu na WhatsApp, mu har tsokanarta muke wai ta cika mana waya da hotuna. Hotunan nan su suka fitar damu, awon mutane na shekaru, bashin da muke bi da wanda ake binmu, komai yana ciki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, akan rubuta bashi take, mun sha jinta a wajen karatu amma sai da yarinyar nan ta nuna mana a aikace. Allah ya miki albarka, ya baki naki shagon da ya fi wannan.

Yaran shago, ku kam ban san ta ina zan fara ba. Babban cikinsu ya same ni yace sun yi shawara a dakatar da biyansu kuɗin aiki har a farfaɗo. Nace a'a, domin abu ɗaya da na riƙe tun da na fara ɗaukar yara shine a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, kuma kwashe toka da wanke bango da ɗaukar buhunan shara ai gumi ne, ya ma fi na ɗinki. Muka yi ta ja, ƙarshe aka tsaya a rabi, sauran na rubuta bashi ne a kaina kuma Alhamdulillah an fara saukewa. Ko ɗaya a cikinsu bai tafi ba duk da nasan an neme su a wasu wuraren.

Sai abokin sana'ata, wanda mutane ke ɗauka kishiyoyi muke don kwastoma ɗaya muke nema. Shi ya bani makullin shagonsa yace in ya tashi da yamma mu shiga mu yi aiki a kekunansa har dare, da zarensa da dutsen gugarsa da janaretansa, kuma bai taɓa cewa ko mutum ɗaya daga masu zuwa nemana ya dawo wajensa ba. Ban san ko ni zan iya abin da kayi ba, ina fata zan iya. Allah ya buɗa maka ta inda baka zato.

Maigidana da ya koya min riƙe almakashi, tsufa bai hana shi zuwa ba. Bai yi dogon jaje ba, ya zauna ya dubi wajen, yace hannunka ya ƙone? Nace a'a Baba. Yace to a samo alli da tef. Washegari ya aiko min da almakashinsa, wanda muna yara ko taɓawa ba ma yi.

A cikin kwanakin nan wani ɗan uwa ya nemo min aikin albashi, da zuciya ɗaya yayi kuma na gode masa sosai, yace ka huta da wannan wahalar, ƙarshen wata kawai ka ji alat. Gaskiya na yi tunani, don duk mai ƙaramar sana'a yasan abin da ake nufi, kai ne mai gida kai ne ɗan aike kai ne akawu, ranar da baka fito ba babu, ga haya ga kuɗin wuta ga yara na kallonka. Lokacin korona a 2020 mun sha wuya amma ita kowa da kowa ne, wannan kuwa kai kaɗai ne a rufe kana kallon kowa na buɗewa da safe. Abin da ya tsayar dani shine daren farko da na shimfiɗa yadi a teburin abokina na ja alli na sa almakashi, jin ƙarar yankan nan kawai sai naji numfashina ya dawo daidai. Ni dai a nan nake jin ni mutum ne, mutum ya shigo da yadi a leda ya fita da riga yana juyawa gaban madubi yana murmushi, ko yaron da ya zo bai iya zura zare a allura ba yau shi ke yanka da kansa. Annabi Dawud ma, da sarautarsa da komai, daga aikin hannunsa yake ci. Ba ina raina aikin albashi bane, kowa da inda Allah ya ajiye masa natsuwarsa, tawa tana kan teburin yanka.

Ana yawan faɗa cewa ƙanana da matsakaitan sana'o'i su ne kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwancin duniya kuma su ke ɗaukar fiye da rabin ma'aikata, Bankin Duniya ke faɗin haka, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mana rana, 27 ga Yuni, tun 2017. Madalla da ranar. Amma da yawanmu gobara ɗaya ko jinya ɗaya ce tsakaninmu da rufewa, don haka 'yan uwana masu shago a sa ƙwararre ya duba wayoyi, a ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da ƙofa kuma a koya wa yara yadda ake amfani da ita, a kashe komai daga babban makunni in an tashi, a riƙa ɗaukar hoton littafi. Masu halin yin inshora ko takaful, wato inshorar Musulunci, su bincika.

Uwargida, ke kin san abin da kika yi da abin da kika sayar ba tare da na tambaya ba, ba zan faɗa a nan ba don kin hana. Iyaye da 'yan uwa da suka yi ta addu'a, waɗanda suka turo gudummawa suka ce kar a ambace su, mai shagon da ya ɗaga min ƙafa a kan kuɗin haya ya kuma gyara rufin, masu sayar mana da zare da maɓalli da suka bamu kaya bashi ba takarda ba shaida, da ku da kuka yi ta yaɗa labarin kuna kira kuna jaje, Allah ya biya ku da mafificin alheri, ya tsare ku da dukiyarku, kar ya nuna muku irin wannan.

Shago a buɗe yake yanzu, wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Aiki zai ɗan riƙa jinkiri don kekuna basu cika ba tukuna, in munce sati to a ƙara mana kwana biyu. Kuma don Allah duk wanda yasan yana da kaya a wajenmu kafin gobarar kuma ban kira shi ba, ya min magana ta inbox ko ya leƙo, akwai 'yan sunaye a hotunan da babu lamba a jikinsu. Nagode, nagode, Allah ya bar zumunci.