Inda na'ura ta yi shiru, nan mata ke amsawa

A waƙar yabo baiti ba ya ba ni wahala, amshi ma haka. Wahalar tana tsakaninsu, a wurin nan da waƙa ke ɗaukar zafi a hankali har jama'a su miƙe tsaye ba tare da an ce su miƙe ba. Wannan hawan ne na miƙa wa ƙirƙirarriyar basira ta gina mini, kuma har yau in na tuna kuɗin mota da na fetur da suka tafi a banza raina yakan ɓaci.

Aikin na zumuntar matan wata ikilisiya ne a bayan garin Jos, waƙoƙi shida da za su ƙaddamar a taronsu na shekara. Biyar sun tafi lafiya, babu abin faɗa a kansu. Ta shidan waƙar godiya ce, kuma ita suke so a saka a YouTube da Audiomack, saboda haka suka ce a yi mata kiɗa na zamani, mai jitar bes da ogan da ganguna. Na buga tsarin waƙar a kibod, na ɗora a ɗaya daga cikin manhajojin nan masu ƙirƙirar kiɗa, na rubuta mata da Turanci abin da nake so: hawa mai gaɓa goma sha shida (gaɓa a kiɗa ita ce zagaye ɗaya na bugu), ya fara a sanyaye, ya ƙare da ƙarfi. Abin da ta dawo mini da shi ya burge ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Bes ya shigo a ƙasa, ogan ya buɗe, ƙaramar ganga ta fara zuba tana ƙara sauri, aka ɗaga ki, wato tsayin sautin waƙar, da rabin mataki, sai kiɗan gaba ɗaya ya ɗauke ɗif na tsawon gaɓa guda kafin amshi ya fashe. Na rarraba sautin zuwa layuka, na jera su a FL Studio, manhajar da nake haɗa kiɗa da ita, na aika wa uwar zumunta cewa a kawo mata.

Wannan shirun na gaɓa guda shi ya ci mana rana.

Matan sun taho daga ƙauyuka da motar haya, wasu da goyo, babu wuta, janareta na shan mai tun safe. Baiti na ɗaya da na biyu suka wuce sumul. Da aka iso hawan, mai ba da waƙa ta jefa kiranta, 'yan amshi suka karɓe kamar yadda suka saba, wato tun ba ta rufe baki ba, a kan ƙarshen kalmarta, kafin bugun farko ya sauka. Daidai nan na'ura ta ajiye shirunta. Suka ji ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinsu, rabi suka tsaya, rabi suka wuce, da kiɗan ya dawo ya same su a tsakiyar kalma. Muka sake, muka sake. Na ce su jira shirun ya wuce tukuna. Suka gwada, amma amshin ya fito a sanyaye, babu rai a cikinsa, domin mutumin da ya riƙe numfashi yana ƙirga ba yabo yake yi ba. Uwar zumunta ta cire abin kunne ta ce, “Ɗana, wa ya ce maka ana tsayawa a nan? Mu a nan muke shiga.” Na ce, “Mama, haka kiɗan yake.” Ta ce to kiɗan ne zai gyaru, ba su ba.

Na'urar ba ta ƙago shirun nan daga iska ba. Abin da ta fi ji shi take maimaitawa, kuma abin da ya cika intanet shi ne waƙoƙin sujada na Amurka da Ostireliya da kiɗan gidajen rawa na Turai, inda ake tara sauti, a yanke shi, sannan a sake shi gaba ɗaya a kan bugun farko. Can mawaƙi ɗaya ne da makirufo, jama'a suna bin rubutu a allo, kowa ya san za a shiga tare. Waƙar zumunta kuwa kira ce da amsa, kuma amsar takan hau kan kiran. Ba a barin rami a tsakani.

Da na zauna da dare ina duba abin a tsanake sai na ga shirun ba shi kaɗai ba ne. Waƙarsu mai bugu shida ce, tulu yana tafiya uku-uku, amma zubin gangar da na'ura ta yi biyu-biyu ne, na kiɗa mai bugu huɗu da aka matsa ya zauna a kan namu. A kunnena ni kaɗai a situdiyo ya wuce, da yake bes da ogan sun rufe shi. Ƙafar mace mai rawa ba a ruɗa ta haka. Sannan gudun kiɗan ba a tsaye yake ba. Na fara waƙar a bugu 66 a minti, amma kafin ƙarshen hawan ya zame gaba kaɗan, ba ya zama a kan layin manhajata. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba MIDI ba ne a hannuna, wato notoci da ake iya gyarawa ɗaya-ɗaya, sauti ne dafaffe. Ba ni da ikon jan nota ɗaya in matsar. In na yanke shirun, wutsiyar farantan ganga da amon ogan sukan yanke tare, kuma ɗagin ki ɗin yana manne a ciki. Abin da da hannuna na buga da na gyara shi kafin mata su gama shan ruwa, ya gagare ni a gabansu.

Sai da aka sake tara kuɗin mota, kuma ni na ɗauki rabin, don ba zan iya kallon idon matan da suka haɗa kuɗin da sayar da masara da kunu in ce su sake biya duka ba. A karo na biyu ni na je wurinsu. Na kafa makirufo a cikin ɗakin sujadarsu, babu abin kunne, babu agogon bugu, daga su sai tulunsu da cakinsu. Na ce su rera yadda suke yi ran Lahadi.

A nan na ga yadda hawan gaske yake tafiya, abin da na shekara da shekaru ina ji ban taɓa zama na auna ba. Ba a ƙara ko kayan kiɗa ɗaya ba. Mai ba da waƙa ce take rage kiranta: layi cikakke, sai rabin layi, sai kalma biyu, sai kalma ɗaya tak, kuma duk lokacin da ta rage, amshi yana dawowa da wuri, har su kusa haɗewa. Mai tulu ba ta canja tafiyarta ba sam, ita ce ke riƙe da kowa. Masu caki ne suka ninka nasu, tafi ya shigo, wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa, kuma a kan guɗar nan amshin ƙarshe ya buɗe. Gudun ya ƙaru, amma a inda su suka ga dama.

Na koma situdiyo na sa manhaja ta bi gudun matan gaɓa bayan gaɓa, maimakon su su bi ta. Daga abin da na'ura ta yi da farko na ɗauki abu biyu: jerin kodin (notocin da ake bugawa tare) da ta bi a gaɓa takwas na ƙarshe, wanda gaskiya ya fi wanda ni zan yi, da yadda ta bar ogan ya riƙe nota ɗaya a sama yayin da bes ke hawa. Su ma da hannu na sake buga su. Ɗagin ki na jefar da shi, domin da yawa cikinsu iyaye ne masu murya a ƙasa, rabin matakin nan yana sa su ƙaƙari. Wurin da shirun yake a da, yanzu tulu ne kaɗai da tafi, bes da ganguna su ke janyewa na ɗan lokaci. Kiɗan ya yi sauƙi amma ƙasan bai ɓace ba, kuma amshi ya shiga a inda ya saba.

Ba na cikin masu cewa a guji waɗannan kayan. Raba murya da kiɗa, wanda FL Studio ta kawo a ƙarshen 2023 kuma manhajar Moises ke yi a waya, ya cece ni sau da yawa in an kawo mini tsohon rikodin na taro ana son a sabunta. Neman dabarar kod ma tana da sauri. Muryar na'ura dai ba na taɓa ta a waƙar Hausa, domin ɗ da ƙ da ɓ ba sa fita daidai, karin sautin kalma kuma takan juya shi yadda waƙarta ta so. Ga kuma batun mallaka. A watan Yunin 2024 manyan kamfanonin faifai na duniya, Universal da Sony da Warner, sun kai Suno da Udio, masu manhajojin ƙirƙirar kiɗa, kotu a Amurka kan waƙoƙin da aka horar da na'urorin da su, kuma tsarin kyauta na Suno bai ba ka izinin sayar da abin da ka samar ba. Waƙar da ikilisiya za ta sayar a ranar ƙaddamarwa, gara kowace nota a cikinta ta zama akwai hannun da ya buga ta.

Yanzu ƙungiya ba ta jin farashi daga bakina sai ta turo mini waƙar ta WhatsApp yadda aka rera ta a sujada, ko da hayaniyar yara a ciki. Nakan saurari wuri ɗaya kafin komai, inda mai ba da waƙa ke ƙarewa da inda amshi ke kamawa, in sa alama a nan. Satin da ya wuce wata ƙungiyar matasa ta turo tata, su kuma amshinsu sai bayan bugun farko yake shiga, don haka shirun da ya ɓata mana rana zai zauna musu daidai.