Kofin shayi a gindin baraj

Ni aikina ƙasa ne. Ina da ɗan kamfani a nan Damagaram: kamiyo ɗaya, tankin ruwa, tsohon injin daɓe da ya girmi ɗana na fari, da yara takwas idan aiki ya samu. Muna yasar tabki, muna ɗaura gabiyon, wato ragar waya da ake cikawa da dutse, muna kuma gyaran ƙananan madatsun ruwa na ƙasa, waɗanda mutanenmu ke ce wa baraj. Ba irin babban baraj na garin Kasama nake nufi ba, wannan na manyan injiniyoyi ne. Namu na masu garka ne.

Akwai wani Alhaji da ke da garka a hanyar Mirriya. Ya datse wani ɗan kwari da ginin ƙasa mai tsayin mita 4, ya zuba tarwaɗa da karfasa, ya kafa rumfuna. Ranar Lahadi iyali da abokai su fito shan iska, yara su yi ta facal-facal a bakin ruwa. A garin da muka tashi muna jiran ɗan garuwa, mutum ya samu ruwa kwance a gabansa yana kallo, ai ba ƙaramin abu ba ne. Ban ga laifinsa ba.

Damanar 2024 ce, wadda tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe a cikinta ranar 3 ga Satumba. Bayan kwana biyu Alhajin ya kira ni.

"Malam, mai gadi ya ce bayan baraj na zufa. Zo ka duba mana, amma na san ba komai."

Da na isa, ya ja ni wajen ruwa don in ga yadda ya cika. Ni kuwa baya na zagaya, don a can ake gane lafiyar madatsa. A gindin gangaren na tarar da wani wuri kamar faɗin tabarma, ciyawarsa ta fi ta ko'ina kore, ƙasa na lumewa in ka taka. Ruwa na tsattsafowa daga wani rami da bai fi yatsa biyu ba. Na karɓi kofin shayin mai gadi, ɗan ƙaramin nan na gilashi, na tara, na ɗaga shi ga rana. Ruwan ya yi ja-ja. Na ajiye shi a kan dutse, kafin mu gama gaisawa laka ta kwanta a gindinsa.

Kowace madatsar ƙasa tana ɗan yoyo, wannan ba ya tayar mini da hankali matuƙar ruwan garau yake kuma ba ya ƙaruwa. In ya fito da laka, to jikin madatsar yake kwashewa yana fita da shi. Ramin zai yi ta ci baya-baya har ya tarar da tabki, daga nan kuma ba a ɗaukar yini.

Sai na hau sama. Itacen bedi guda shida a jere a kan ginin, Alhaji ya dasa su saboda inuwa. Saiwar itace ruwa take bi, tana huda ƙasar da aka daɓe, in ta mutu ta ruɓe sai ta bar hanya a buɗe. Ga ramukan gafiya, ga shurin gara a gefe. Amma abin da ya fi ba ni tsoro yana can ƙarshe: mafitar da aka yi wa ruwa don ya wuce idan ya yi yawa, an toshe ta da buhunan yashi jeri uku. Tsakanin ruwa da saman ginin bai kai kamu ɗaya ba, alhali mita ɗaya muke so.

"Alhaji, wa ya sa buhunan nan?"

"Ni na sa. So nake ruwan ya kai mu bazara."

"Ranka ya daɗe, in aka ƙara ruwan dare ɗaya irin na shekaranjiya, ta sama zai bi. Ƙasa ba siminti ba ce. Kuma garkunan mutane ne a ƙasanka."

Ya yi shiru. Maganar garkunan mutane ce ta kama shi, ba asarar kifi ba.

Buhunan muka cire jeri-jeri, ba lokaci ɗaya ba, kada mu saki ruwa a kan maƙwabta, kada kuma gangaren ciki ya zame saboda saukar ruwa da gaggawa. Wurin yoyon, yarana sun so su cusa yumɓu. Na hana. In ka toshe bakin, ruwa wata ƙofa zai nema. Yashi muka shimfiɗa, sannan tsakuwa, sannan dutse, yadda ruwa zai fita ya bar ƙasar a ciki. Kwana uku muna tara kofi safe da yamma har ya washe.

Babban aikin sai da rani. Muka tone wurin, muka tumɓuke bedin da saiwarsa, muka mayar da yumɓu. Ni kafin in yarda da yumɓu sai na jiƙa shi na murza a tafin hannu, in ya yi igiya bai karye ba, ya yi. Ana zuba shi santimita 15, a yayyafa ruwa, a daɓe, a sake. Nan ne masu aikin ganin ido ke cutar mutane: su tula ƙasa da yawa, kamiyo ya bi ta kai sau biyu, a ce an gama. Muka shimfiɗa gabiyon a mafitar, muka dasa jema a gangaren. Na kuma sa aka ja igiya a inda zurfi ya fara saboda yara, na ce duk yaron da ya ga jini a fitsari a kai shi likita, don tsargiya na son ruwan kwance.

Alhaji har yau yana yi mini mitar inuwarsa. Mai gadin kuwa, tun daga ruwan farko har kaka, kowace Juma'a sai ya turo mini hoton kofin nan ta WhatsApp.