Yadda na shaƙu da 'yan tsanana a Sakkwato

Ni tela ce, a Mabera nike, kuma ɗinki ne ya ja ni cikin harkar tara 'yan tsana. Da fari sayensu nike wurin masu gwanjo a babbar kasuwa don in gwada sabon yanka da ƙyallen atamfa da ya rage, kafin in sa almakashi a kayan mutane. Sai abu ya zarce, ɗinkin ya ƙare amma 'yar tsanar na kasa ajiye ta, har na sa kafinta ya yi musu kabad mai gilas.

Abin da na gane shi ne ba tsada ke kawo shaƙuwa ba, wahalar da kika sha a kanta ce. Ina da Barbie sabuwa dal a kwalinta, wadda kamfanin Mattel na Amurka ke yi tun 1959, kyakkyawa ce ba laifi, amma wlh ko rabin wadda na tsinto cikin tarin gwanjo bata kai ba a raina. Ita waccan da na same ta gashinta ya cukurkuɗe ya dunƙule, an zana mata biro a kumatu, ƙafa ɗaya na lilo. Na jiƙa gashin da ruwan ɗumi da ɗan man wanke gashi, na riƙa tajewa daga ƙasa ina hawa sama sannu sannu don kar ya tsinke, na yi mata kitso kanana da allura, na ɗinka mata riga da zane da kallabi na ragowar leshin auren ƙanwata. To yanzu ki ce in saida ta? Wata ta taya da kuɗi masu kauri a WhatsApp, na ce Hajiya ki yi haƙuri, wagga ba ta sayarwa ba ce, kuma ranar sai da na ji kamar an taya ɗiyata.

Zafin garin nan kuma babban abokin gaba ne. Watan Afrilu rana na wuce digiri 40, roba sai ta fara danƙo tana maiƙo, fenti ya koɗe, don haka ba a aje su bakin taga, ba a ƙulle su cikin leda. Da hunturu kuma ƙura ce, kyalle mai laushi nike bi da shi, ban yarda da fetur ko tina a fuska ba sam, gira da leɓe suke ɗaukewa.

Maganar mutane kam na sha ta. Innata ta ce babba da ke kina wasan yara, wasu su ce aljanu na shiga cikinsu. Amma ita Innar da kanta wata rana ta zauna tana bani labarin yadda sunka riƙa yin tasu da ƙashi da kara, su rataya mata tsakiya, har bikin 'yar tsana su yi da gara da rakiyar amarya, tana faɗa idonta na ƙyalli. Ta fannin addini kuma na je na tambaya, ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana da ƙawayenta, amma malamai sun yi saɓani kan masu cikakkiyar sura irin na roba da kuma babba ya aje su, shi ya sa ɗakin da nike salla daban, nasu daban.

Ganin aikin Haneefah Adam 'yar Ilorin, mai ɗinka wa Barbie hijabi a shafinta na Hijarbie a Instagram, shi ya ƙara min ƙarfin gwiwa na daina ɓoyewa. Yanzu in yaran 'yan uwa sunka zo akwai kwandon da na ware musu, su yi wanka da su su cire kai su mayar ba ruwana, amma na kabad makullin yana ɗaure a bakin zanena.