Gilashin bangon yamma da ya cinye mana tankin ruwa

Zauren da muka zana wa matasan wata unguwa a Kano aiki biyu yake yi: bayan la'asar ƙwallon kwando da ta raga, da dare wasan kwaikwayo ko taron biki. Sharaɗin shi ne ginin ya sanyaya kansa, ba tare da janareta ba.

Yawancin aikin ya tafi daidai. Filin kwando mita 28 ne da 15, kuma dole a bar aƙalla mita 7 a sama babu abin da ya tare, saboda haka tsayin da iska mai zafi ke buƙata don ta hau ta fice, wasan da kansa ya ba mu shi. Muka miƙe ginin daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye suna kallon kudu da arewa, tagogi a ƙasa, huji a ƙarƙashin rufi. Bulon na jar ƙasa ne da aka matse da inji, siminti kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, a lulluɓe da leda ana yayyafa masa ruwa, ba a ɗora shi sai ya cika kwana 28. Duk mai shakkar ginin ƙasa ya je Dandaji a Nijar ya ga cibiyar Hikma ta bulon ƙasa da masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala a 2018.

Sai aka zo bangon yamma. Shi ke kallon titi, kwamitin ginin kuwa ya kafe sai an sa masa gilashi daga sama har ƙasa, wai mai wucewa ya san an kashe kuɗi. A zane, bulo mai huji ne a wurin, amma gilashin aka sa.

Ga abin da ya sa yamma ta fita daban. A kudu da arewa rana daga sama take dukan bango, rufin da ya zarce da mita ɗaya da rabi ya isa ya tare ta da tsakar rana a lokacin zafi. Har arewan ma sai an yi mata wannan inuwa, domin a Kano daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi da tsakar rana. Amma ranar yamma a kwance take shigowa, babu baranda da ke tare ta. Daga ƙarfe uku zuwa biyar da rabi tana ratsa gilashin ta sauka kan daɓen siminti, daɓen ya sha zafi ya riƙa amayar da shi har bayan isha'i. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40 a waje, cikin zauren ya fi waje muni. Mai jefa ƙwallo a kwandon yamma kuwa ko zoben ba ya gani.

Aka liƙa wa gilashin baƙar leda. Hasken ya ragu, gilashin da kansa ya koma kamar tanda. Aka ce a kawo esi. Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan fiye da kilowat ɗaya, zauren kuma an gina shi ne da huji ko'ina, sanyin ta nan zai zurare. Solar da muka lissafa ta fankoki ce da fitilu da famfon rijiyar burtsatse. Abin da ya fi ƙona rai shi ne lokacin: daidai sa'ar da yara suka cika zaure, zafi ya kai maƙura, a sa'ar ce wutar faifan sola ke ja baya. Kenan sai ƙarin batir, batir kuwa shi ne mai tsadar.

Ƙarshenta aka koma ga zanen farko ta bayan gida: aka tayar da bangon bulo mai huji a gaban gilashin, aka bar ratar mita ɗaya tsakaninsu don iska ta ratsa. An biya kuɗin bango ɗaya sau biyu. Darbejiyar da muka dasa a gaba sai ta shekara da yawa kafin inuwarta ta kai tsayin nan.

Kuɗin gyaran daga kason tankin ƙasa na tara ruwan sama aka zare shi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufinmu ya haura murabba'in mita 600, wato ruwan milimita 30 na dare ɗaya a Agusta lita 18,000 ne, wanda zai wanke banɗakuna da faifan sola lokacin ƙurar hunturu. Indararon yana nan, bututun yana nan, amma a kwatar titi yake zubewa.

Yanzu kafin a sa hannu kan kowane zane, nakan kai kwamiti filin da ƙarfe huɗu na yamma a bazara, in tsayar da su inda bangon yamma zai zauna, fuska ga rana, sannan in sa a rubuta kayan kowane bango a cikin yarjejeniya.