Godiya Ga Waɗanda Suka Riƙe Ni Har Na Kammala Digirin Tsaron Intanet

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi. Allah cikin ikonsa ya nuna mini ƙarshen karatun digirina na farko a fannin tsaron intanet a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Sakamako ya fito, an sallame mu lafiya. Kiran waya da saƙonnin taya murna sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ga gara in yi godiyar a bainar jama'a.

A takarda karatun shekara 5 ne. Sai annobar korona ta 2020 ta rufe makarantu, ta haɗu da dogon yajin aikin jami'o'in gwamnati, sannan na 2022 ya zo ya ci wata 8. Abokan da muka gama sakandare tare wasu har sun aje iyali, mu muna gida muna jiran a ce a koma. Duk wanda ya ba ni haƙuri a wancan lokaci, na gode.

Baba, godiyarka daban take. Na san maganganun da aka riƙa kawo maka. An ce yaron nan kutse ake koya masa, an ce duk matashin da ke kwana gaban kwamfuta ɗan yahu ne. Ba ka biye wa kowa ba. Kira na ka yi ka tambaye ni ko halal ne, na yi maka bayani iya sanina, ka ce in je, amma in ji tsoron Allah a kan dukiyar mutane da sirrinsu. Wallahi wannan maganar ita na riƙe har na gama.

Masu wancan zargi ma ban ga laifinsu sosai ba, domin gaskiya ana koya mana yadda ake shiga na'urar da aka kulle. Wanda bai san yadda ɓarawo ke ɓalle kwado ba, ba zai iya zaɓa wa gida kwadon kirki ba. Abin da ya raba mu da masu kutsen ɓarna shi ne izini. Mai gwajin kutse ba ya taɓa na'urar kowa sai mai ita ya ba shi izini a rubuce, an fayyace inda zai taɓa da inda ba zai taɓa ba, in ya gama kuma ya rubuta rahoton kafar da ya gano don a toshe. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri ko tara ga wanda ya shiga kwamfutar wani ba bisa izini ba. Doka kam tana nan. Amma a daren da kake zaune kai kaɗai, kana ganin ƙofar da wani ya bari a buɗe, tarbiyyar gida ce take riƙe hannunka. Wannan daga wurinku na samo ta, kai da Inna.

Inna, kuɗin adashenki kika kwasa kika haɗa da na tunkiyarki aka saya mini laftof. Ba ki san me ake yi da ita ba, ba ki kuma taɓa neman a yi miki lissafi ba. A kanta na girka Kali Linux, manhajar da masu gwajin kutse ke aiki da ita, na kafa ƙananan kwamfutocin gwaji a cikinta ina kai musu hari ina gyarawa, na koyi duba zirga-zirgar bayanai da Wireshark da lalubo ƙofofin na'ura da Nmap. Allah ya ba ni ikon rama miki, ya sa ki ci moriyar wahalarki.

Yaya Babba, kuɗin data da na mota ba su taɓa yankewa ba, ko a watannin da na san kai ma a matse kake. Kawu da Gwaggo, na gode da masauki da addu'a.

Malamaina na Gidan Kwano, babbar harabar jami'armu, Allah ya saka muku da alheri. Da yawanmu mun shigo da tunanin za a fara da kutse tun makon farko, sai kuka zaunar da mu a kan lissafi, rubuta manhaja, yadda kwamfutoci ke magana da juna, da ilimin ɓoye saƙo. Yanzu na ga amfanin wannan tubali. Ba na manta darasin harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ya tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya da dama, alhali Microsoft ta fitar da maganin kafar da harin ya bi tun watan Maris. Sakacin sabunta manhaja ne ya buɗe wa ɓarnar hanya. Tun daga ranar na fahimci cewa yawancin aikin nan kula ce da naci, ba bajinta ba.

Sai kamfanin Abuja da ya karɓe ni aikin sanin makamar aiki na wata 6, musamman shugabar ɗakin sa ido, inda ake lura da na'urorin kamfani don gano hari. Hajiya, ke kika zaunar da ni aikin dare ina tace gargaɗin da na'urori ke turowa, mafi yawansu ba komai ba ne, amma ba a isa a raina ko ɗaya ba. Ke kika koya mini rubuta rahoton da manajan da bai san kwamfuta ba zai karanta ya gane. Kin kuma nuna mini cewa mata na riƙe wannan aiki da kyau, ina fata ƙannenmu mata su ji wannan.

Ƙannena da ke ta tambaya wane aiki ake yi da wannan karatu, ga amsa. Yawanci daga ɗakin sa ido ake farawa. Daga nan wani ya koma gwajin kutse, wani ya bi binciken ƙwaƙwaf na wayoyi da kwamfutoci don fito da hujjar da kotu za ta karɓa, irin aikin da EFCC da 'yan sanda ke buƙata. Bankuna da kamfanonin sadarwa suna ɗauka, haka hukumomi irin su NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa. Akwai kuma hanyar da ba a cika ambata ba: Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa manyan masu riƙe bayanan jama'a naɗa jami'in kare bayanai, da sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Wannan aiki ne na mai son doka da tsari. Sai dai ku sani, kwalin digiri kaɗai ba ya isa. Za a tambaye ka me ka taɓa yi da hannunka. Ku yi atisaye a TryHackMe, shafin intanet na koyon wannan aiki a aikace, tun kuna aji biyu, ku nemi shaidar ƙwarewa irin Security+ idan hali ya yi. Babbar shaidar ƙwarewa ta CISSP kuwa sai an tara shekara 5 ana aiki, kada wani ya ruɗe ku.

Ina godiya ga Malam Liman na masallacin unguwarmu da ya ba ni dama lokacin hutu na yi wa jama'a bayani da Hausa cewa banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar sirrin katinsa ko lambar da aka turo masa ta tes. Dattawan da suka tsaya suka saurari yaro kamata, da masu POS da suka riƙa jefo tambayoyi, kun ƙara mini son wannan fanni. Mutanenmu ake damfara kullum, kuma yawancin gargaɗin da ake yi ba da harshensu ake yi ba. In Allah ya yarda zan ci gaba da wannan duk inda aiki ya kai ni.

Abokan karatuna, waɗanda muka raba garin kwaki da caja da daren jarabawa, Allah ya bar zumunci, ya ba kowa aikin halal mai albarka. Wanda ban ambata ba ya yi mini afuwa, alherinsa na rubuce a wurin Allah.

Yanzu bautar ƙasa ce a gabana. Ina roƙon ku taya ni da addu'a Allah ya kai ni lafiya, ya dawo da ni lafiya. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, amin.

Wassalamu alaikum.