Abin da Na Tafi da Shi Daga Ajin Fiziks

Na ajiye alli a makarantar nan ƙarshen zangon da ya wuce. Masu cewa albashi ne ya kore ni ba su san abin da ya faru tsakanina da mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu ba.

Salon da nake koyarwa da shi ba ni na ƙirƙiro shi ba. A farkon shekarun 1990 wani malamin fiziks mai suna Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya gano ɗalibansa suna warware lissafin fiziks tsaf, amma dokokin Newton a baki kawai suka tsaya musu. Sai ya rage lacca. Ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsarsa, sannan ya juya ya shawo kan na kusa da shi. A 1998 wani masanin fiziks mai suna Richard Hake ya auna sakamakon ɗalibai sama da 6,000, ya tarar fahimtar waɗanda ake sa su tunani da muhawara a aji ta ƙaru kusan ninki biyu na ta masu sauraron lacca.

Haka na riƙa yi da 'yan SS2. Na tambaye su: tirela ta yi karo da adaidaita-sahu, wanne ya fi bugun ɗan'uwansa da ƙarfi? Kusan duk ajin suka ce tirela, alhali jiya-jiya suka haddace dokar Newton ta uku, wadda ta ce ƙarfin daidai yake. Gardama ta kaure, rabi da Hausa. Mataimakin ya leƙo, ya ga allo ba nota, ya ce a gaban yara, "Malam, kasuwa ka buɗe mana?" Takardar tuhuma ta biyo baya, sannan aka karɓe ajin aka ba mai cika allo. Har yau abin da ke ci mini rai shi ne bai tsaya ya saurara ba. Da ya tsaya, da ya ji wata yarinya da ba ta cika magana ba tana bayyana wa ƙawayenta cewa bugun ɗaya ne, adaidaitar ce ba ta da nauyin jure shi.

Sauran darussan da na koya gajeru ne. Yaro ba ya zuwa aji da kai wayam, da nasa bayanin yake zuwa, kuma sai ka ji shi kafin ka iya gyarawa. 'Yar jarabawa a kai a kai ta fi maimaita karatun nota zaunar da ilimi. In za ka sauya salo, sa shi a kundin shirin darasi, a sa maka hannu tukuna, domin wasu shugabannin littafin nota suke dubawa, ba kan yaro ba.

Yaran sun ci gaba da kawo mini tambayoyinsu ɗakin malamai har ranar da na tafi.