Abin da na koya a sutudiyon ƙaramar kwaleji

A kwalejin da na karanci aikin watsa shirye-shirye da kafofin sadarwa na zamani, ba a jira sai shekarar ƙarshe kafin a damƙa wa ɗalibi makirufo. Ba mu da yawa a aji, kayan aikin ma ba yawa, don haka tun zangon farko kowa sai da ya zauna gaban miksa (na'urar haɗa sauti), ya riƙe kamara, ya kuma karanta labarai a tashar FM ta makaranta, wadda muryarta ba ta nisa sosai. Wannan ce babbar ribar ƙaramin wuri, kuma har yau ina ganin ta fi ƙaton ginin da ɗalibi zai riƙa leƙen kayan aiki ta gilashi.

An koya mana tarihi: yadda tashar KDKA ta birnin Pittsburgh a Amurka ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a 1920, da yadda YouTube ya bayyana a 2005 ya mayar da mai wayar hannu mai tasha. Amma darasin sauti ne ya fi zauna mini a rai. Malaminmu ba ya yarda a naɗi murya ba tare da abin saurare a kunne ba. Yakan ce, "Ku bar tazarar tafin hannu tsakanin baki da makirufo, kada allurar ma'aunin ƙarfin sauti ta wuce kusan -12, domin muryar da ta kai sifili ta fashe, ba manhajar da za ta ɗinke ta." Bayan kowace hira kuma sai mun naɗi shirun ɗakin na kamar rabin minti. Da shi ake cike gurbin da aka yanke tari ko in'ina, har mai sauraro bai gane an taɓa wurin ba. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, amma da zarar murya ta yi ƙara sai ya wuce.

Rubutun rediyo na kunne ne. Jimla ɗaya, magana ɗaya. A sauƙaƙa manyan alƙaluma. A karanta da ƙarfi kafin a shiga sutudiyo, domin mai sauraro ba ya iya komawa baya.

Da manhajar Audacity muka fara tace murya, da manhajar DaVinci Resolve kuma bidiyo, duka akwai na kyauta. Labari guda sai mu fitar da shi a kwance, 16:9, don babban allo, sannan a tsaye, 9:16, don waya.

Inda ƙaramar kwaleji ke da rauni shi ne sanayya da manyan kafofi. Gurbin sanin makamar aiki da ƙafarka za ka nema. Cikin abokan karatuna, kaɗan ne suka zama masu gabatarwa. Sauran sun zama furodusoshi, editoci, injiniyoyin sauti, masu kula da shafukan sada zumunta na kamfanoni da jami'an hulɗa da jama'a. Ni aikina na farko tace shirin hira ne da dare, kuma wadda ta ɗauke ni, kafin ta dubi takardar shaidata, sai da ta saurari rahoton minti uku da na haɗa a aji tun daga farko har ƙarshe.